Wake, Ƙuduji Da Cibiyar Kwamfuta: Darasi A Kan Dogaro Na Dole Da Dogaro Na Zaɓi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya tashi a ƙasar Karaye ko Rogo ya san tsirrai biyun da za mu buɗe wannan darasi da su. Na farko shi ne wake. Na biyu shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, wato tsiron nan mai fure ruwan hoda da ke fitowa a gindin dawa da gero da masara, ya tsotse su har su tsumbure. Kowannensu yana da abokin hulɗa a ƙarƙashin ƙasa, amma yadda suka dogara ga abokan nasu ya sha bamban.

Idan ka tuge wake mai kimanin mako shida, ka wanke saiwarsa, za ka ga waɗansu 'yan ƙululai a jikinta. A cikinsu akwai bakteriya da ake kira raizobiya, waɗanda ke kamo iskar naitirojin su mai da ita abincin shuka. Wake yana amfana da su ƙwarai da gaske. Amma idan babu su, matuƙar ƙasar tana da taki, zai ci gaba da rayuwarsa. Hasali ma idan takin naitirojin ya yi yawa a gona, wake da kansa yakan rage yin waɗannan ƙululai.

Shi kuwa ƙuduji, irinsa ƙanana ne kamar ƙura, kuma yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Da ya ji sinadarin sai ya tsiro. Idan bai sami saiwar da zai maƙale wa ba cikin 'yan kwanaki, guzurinsa zai ƙare ya mutu. Dalili ke nan da ya sa malaman gona ke ba da shawarar a riƙa sauya shuka da auduga ko waken soya, domin saiwarsu tana yaudarar irin ya tsiro, alhali ba zai iya shan komai a jikinta ba.

Masana ilmin halittu suna kiran irin dogaron ƙuduji dogaro na dole. Irin na wake kuwa dogaro na zaɓi ne, wato in an samu a yi amfani, in ba a samu ba a ci gaba. A wannan darasi za mu ga cewa injiniyoyin da ke rubuta manhajar kwamfuta da ta wayar hannu suna fama da wannan rarrabewa kullum. Za mu kuma ga cewa dogaro na zaɓi ya fi na dole wuyar tsarawa, domin tilas mai tsarawa ya yi tanadin ranar da abokin ba ya nan, da kuma ranar da yana nan amma hannu ba ya kai gare shi.

Abin Da Ya Faru A Yammedi

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin ilmin halittu da cikin kwamfuta? Asara ce ta haɗa mu. A wata damina muna binciken yadda danshin ƙasa ke shafar fitowar ƙuduji a waɗansu gonaki na Yammedi, cikin Ƙaramar Hukumar Karaye. Maimakon mu riƙa zirga-zirga daga Kano, sai muka binne ma'aunin danshi a gona, muka haɗa shi da 'yar ƙaramar kwamfuta da ake kira Raspberry Pi, wadda ba ta kai tafin hannu ba, tare da batir da allon sola. Wani ɗalibina mai sha'awar kwamfuta shi ya rubuta 'yar manhajar da ke karanta ma'aunin. Ya kuma ƙara wata dabara: duk lokacin da aka ɗauki awo, wata 'yar fitila za ta ƙifta, domin dattijon da ya ba mu aron gonarsa ya san na'urar tana raye. Fitilar ba dole ba ce, waɗansu akwatunanmu ma ba su da ita.

Da ya zo harhaɗa manhajar, sai aikin ya tsaya, kwamfuta ta ce ana kiran wani abu da ba ta gani ba. Ya yi 'yar kwaskwarima, ƙorafin ya ɓace, muka kai akwati gona muna murna. Bayan mako uku muka koma, muka tarar dattijo ya cire na'urar ya adana mana ita a ɗaki cikin buhu. Ya ce, "Malam, tun ran da kuka tafi idonta bai ƙifta ko sau ɗaya ba. Da na ga mako ya zagayo na ce ta mutu, kada ruwa ya ƙarasa ta." Alhali kuwa tana ta aikinta. Awon mako biyu na tsakiyar damina ya salwanta, ga shi damina in ta wuce sai baɗi. Dattijo ya yi abin da hankali ya nuna masa. Kuskuren namu ne, kuma domin mu gane shi, sai mun fara sanin abubuwa biyu.

Mece Ce Cibiya, Mene Ne Direba?

Kowace kwamfuta da kowace wayar hannu ta zamani tana da babbar manhaja wadda sauran manhajoji ke zaune a kanta, kamar Windows ko Android. A tsakiyar wannan babbar manhaja akwai wani sashe da masana ke kira kanel, mu kuma a nan za mu kira shi cibiya. Cibiya tana cikin abubuwan da ke fara tashi idan an kunna na'ura. Ita ke raba wa manhajoji lokacin aiki da wurin ajiya, kuma ta hannunta ake bi kafin a taɓa sassan na'ura, kamar kyamara da allon taɓawa da lasifika.

Cibiyar da za mu yi nazari ita ce Linux, saboda rubutunta a buɗe yake, kowa yana iya karantawa ya gyara. Linus Torvalds ne ya fara ta a shekarar 1991, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Fitowarta ta farko layi kimanin 10,000 ne. A farkon 2025 rubutun ya haura layi miliyan 40, kuma fiye da rabinsa direbobi ne.

To, mene ne direba? Kowane sashe na na'ura yana da irin umurnin da yake ganewa, kuma na wannan kamfani ya bambanta da na wancan. Direba 'yar manhaja ce da ta san yadda ake sarrafa sashe guda. Cibiya takan ce, "A ɗauko awo," direba shi ya san wace waya za a taɓa da wace lamba za a aika. Abin da ɗalibina ya rubuta direban ma'aunin danshi ne.

Direbobi ba sa aiki su kaɗai. A cikin cibiya akwai sassa na hidima da direbobi da yawa ke tarayya a kansu: sashen kula da fitilu, sashen kula da batir, sashen agogo, da sauransu. Idan direba ba zai iya komai ba sai da wani sashe, wannan dogaro na dole ne. Idan kuwa sashen ƙarin amfani kawai yake yi masa, kamar yadda fitila take ga ma'auninmu, wannan dogaro na zaɓi ne.

Amsoshi Uku: y, m, n

Babu na'urar da ke bukatar dukan direbobin da ke cikin Linux. Saboda haka kafin a gina cibiya, wato a juya rubutun mutane ya koma harshen na'ura, sai an zaɓi abin da za a sa. Tsarin da ke kula da wannan zaɓe shi ake kira Kconfig, wanda Roman Zippel ya rubuta aka shigar da shi a 2002. Tambayoyin da ke cikinsa sun haura 10,000, kuma da yawa daga cikinsu suna karɓar ɗaya daga amsoshi uku:

(a) Harafin y: a gina abin a cikin jikin cibiya, ya tashi tare da ita.

(b) Harafin m: a gina shi a matsayin modul, wato ƙunshi na daban da ake ajiyewa a gefe, a jona shi da cibiya bayan ta tashi, idan an bukace shi. Linux tana da wannan tsari tun fitowa ta 1.2 a shekarar 1995.

(c) Harafin n: kada a gina shi sam.

Ɗalibin ilmin halittu ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Bakteriya tana ajiye bayanan gadon da rayuwarta ta rataya a kansu a cikin babban zare da ake kira kuromosom. Ban da shi, takan ɗauki waɗansu ƙananan zobba na gado da ake kira filasmid, sunan da Joshua Lederberg ya raɗa a 1952. Filasmid yakan kawo ƙarin baiwa, alal misali juriya ga maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma bakteriya tana iya karɓarsa daga wata, tana iya rasa shi. Ashe ke nan kuromosom shi ne y, filasmid shi ne m. A lura da alkiblar dogaron: filasmid yana amfani da kayan aikin da kuromosom ya tanada domin ya kwafi kansa, amma bakteriyar da ta rataya numfashinta a kan abin da ke zuwa yana tafiya tana cikin haɗari.

Haka abin yake wajen gina cibiya, kuma aikin mataki biyu ne. Da farko wata manhaja, mu kira ta tafinta, takan fassara kowane fayil zuwa harshen na'ura. Sa'an nan wata manhajar, mu kira ta maɗinki, takan ɗinke guntayen su zama abu guda. Duk inda wani guntu ya ce, "A kira mini aiki kaza," tilas maɗinki ya nemo inda aikin yake, ya rubuta adireshinsa. Idan jikin cibiya yake ɗinkawa, dole kowane suna ya kasance a cikin jikin, domin a lokacin da cibiya ke tashi babu modul ko ɗaya da aka jona. Modul yana iya kiran abin da ke cikin cibiya, yana kuma iya kiran ɗan'uwansa modul da aka riga aka jona. Amma abin da ke cikin cibiya ba zai iya kiran modul kai tsaye ba.

Tarko Ɗaya Cikin Tara

Bari mu ba abubuwanmu biyu sunaye: AWO shi ne direban ma'auni, FITILA shi ne sashen kula da fitilu. Kowanne yana da amsa uku, saboda haka haɗuwarsu iri tara ce.

Idan AWO n ne, babu direban ma, don haka haɗuwa uku sun fita ba matsala. Idan AWO m ne, FITILA kuma y ko m, kira zai isa. Idan dukansu y ne, suna ɗaki ɗaya. Saura haɗuwa biyu da FITILA take n, waɗanda za mu ga maganinsu nan gaba kaɗan. Ta tara ita ce tarkon: AWO y, FITILA m. A nan sashen fitila yana nan, an gina shi, duk wanda ya duba takardar zaɓe zai ga an kunna shi. Amma direban da ke cikin cibiya ba zai kai gare shi ba. Maɗinki zai nemi sunan ya rasa, ya dakatar da gini. Wannan shi ne ƙorafin da ɗalibina ya gani. Direbansa ya zama kamar irin ƙuduji da ya ji ƙanshin saiwa ya tsiro, alhali saiwar ba tasa ba ce.

Abin da ya sa wannan kuskure ke yawan kuɓuce wa masu rubutu shi ne, mutum yakan gwada direbansa da zaɓe ɗaya ko biyu da ya saba da su. Ga shi kuwa yawan haɗuwa yana ninkuwa da sauri. Tambaya 2 suna ba da haɗuwa 9, amma tambaya 20 kacal suna ba da 3,486,784,401. Babu mai iya gwada su duka. Don haka masu kula da Linux suke da umurnin da ke cike takardar zaɓe da ka, kamar ƙuri'a, kuma kamfanin Intel yana da na'urori da ke gina cibiya da irin waɗannan zaɓuɓɓuka dare da rana, suna aika wa marubuta rahoton duk inda gini ya karye.

Mataki Na Farko: Mutum-mutumi

Mu fara da ranar da FITILA take n. Direba yana ɗauke da layin da ke cewa, "A ƙifta fitila," ga shi babu sashen da zai amsa. Dabarar da aka fi so ita ce a ajiye wani aiki na wofi mai suna iri ɗaya, wanda in an kira shi zai amsa ba tare da ya yi komai ba. Kamar mutum-mutumin da ake kafawa a gonar gero ne: yana tsaye a gurbin mutum, kuma tsayuwar ita ce dukan aikinsa.

Ga misali na zahiri. A cikin Linux akwai sashe mai suna RFKILL, wanda ke kashe na'urorin da ke watsa saƙo ta iska, irin abin da ake bukata idan an shiga jirgin sama. Direbobin Wi-Fi da Bluetooth sukan tambaye shi, "An toshe ni?" Idan an gina cibiya babu RFKILL, akwai mutum-mutuminsa da ke amsa "a'a" kullum, Wi-Fi ya ci gaba da aiki. Amfanin wannan dabara shi ne, tanadin yana wuri ɗaya, ba sai kowane direba ya cika rubutunsa da "in akwai" da "in babu" ba.

Mataki Na Biyu: Lissafin Amsoshi Uku

Mutum-mutumi ya magance n. Saura tarkon y da m. Domin mu gane maganinsa, sai mu san cewa Kconfig yana ɗaukar amsoshin nan a matsayin lambobi: n shi ne 0, m shi ne 1, y shi ne 2. Yana kuma da ƙa'idoji huɗu masu sauƙi:

1. Alamar && tana nufin "da": a ɗauki ƙaramar lamba cikin biyun.

2. Alamar || tana nufin "ko": a ɗauki babbar lamba cikin biyun.

3. Alamar ! tana nufin "kishiya": a debe lambar daga 2.

4. Lambar direba ba za ta wuce lambar abin da aka ce ya dogara gare shi ba.

Idan marubuci ya rubuta cewa AWO ya dogara ga FITILA kawai, tarkon ya toshe, domin in FITILA 1 ce, AWO ba zai wuce 1 ba. Sai dai kuma in FITILA 0 ce, AWO ma ya zama 0. Wato an hana mai akwati marar fitila auna danshi gaba ɗaya. An mai da wake ƙuduji ke nan. Abin da ƙwararru ke rubutawa shi ne:

depends on FITILA || !FITILA

Kalmomi biyun farko suna nufin "ya dogara ga". Sauran kuwa cewa yake yi, "FITILA ko kishiyar FITILA." Da farko mutum zai ce wannan maganar banza ce, kamar a ce gobe ko a yi ruwa ko kada a yi. Amma mu lissafa:

Idan FITILA 2 ce, kishiyarta 0, babbar ita ce 2. AWO yana iya zama y, m ko n.

Idan FITILA 0 ce, kishiyarta 2, babbar ita ce 2. AWO yana iya zama y, m ko n, mutum-mutumi ya tsaya a gurbin fitila.

Idan FITILA 1 ce, kishiyarta 2 a debe 1, wato 1. Babbar ita ce 1. AWO ba zai wuce m ba.

Ka ga an cire haɗuwa ɗaya tak, wato mai matsalar, an bar sauran takwas. Sirrin shi ne kishiyar 1 ita ce 1. A mantiƙi mai amsa biyu, "abu ko kishiyarsa" gaskiya ne kullum, amma a mantiƙi mai amsa uku, irin wanda Jan Lukasiewicz ɗan ƙasar Folan ya gabatar a 1920, ta tsakiya tana nan a tsakiya. Duk wanda ya buɗe rubutun Linux zai tarar da irin wannan layi, da sunan RFKILL, a kan babban sashen Wi-Fi da kuma na Bluetooth.

Gajeriyar Hanya Da Haɗarinta

Akwai wata hanya ta daban, kuma ita ɗalibina ya bi. A cikin rubutun direba ana iya yin ɗaya daga tambayoyi biyu. IS_ENABLED tana tambaya, "An kunna sashen?" Amsarta "i" ce ga y da m. IS_REACHABLE kuwa tana tambaya, "Zan iya kai gare shi daga inda nake?" Idan direba y ne sashen kuma m, amsarta "a'a" ce, sai tafinta ya zubar da layukan fitila gaba ɗaya. Ɗalibina ya sauya ta farko da ta biyu. Gini ya wuce lami lafiya, babu ƙorafi, babu gargaɗi, kuma babu ƙiftawar fitila.

Tambayar ba haramtacciya ba ce, akwai wuraren da ake amfani da ita a cikin Linux. Aibinta shi ne tana ɓoye matsala. Kuskuren da ya tsayar da gini yana bayyana a gaban injiniya, yana zaune a kan kujerarsa, ya gyara cikin minti kaɗan. Kuskuren da ya yi shiru kuwa sai a gona yake bayyana, a hannun wanda ba shi da yadda zai gane shi. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Manyan injiniyoyi ma sun faɗa irin wannan rami. A 2016 Nicolas Pitre ya ƙara wa Kconfig kalmar imply, wadda ke ba da shawarar a kunna wani sashe ba tare da ta tilasta ba. Direbobin katin sadarwa da yawa suka yi amfani da ita wajen dogaro ga wani sashen agogo mai daidaita lokaci tsakanin kwamfutoci. Da yake shawara ce kawai, ba ta hana agogon ya zama m direba kuma y ba. A 2021, bayan gini ya karye a kan ɗaya daga cikin direbobin, Arnd Bergmann ya mai da su kan lissafin "abu ko kishiyarsa", ya tattara shi ƙarƙashin suna guda da kowane direba zai ambata. A 2023 kuma ya rubuta bayanin wannan dabara a cikin takardun koyarwa na Linux.

Bayan Gini: Babu, Ko Bai Iso Ba?

Duk abin da muka faɗa ya shafi lokacin gini ne. Akwai tambaya ta biyu da ke tasowa bayan an kunna na'ura: manhajar fitila tana nan, amma shin akwai fitilar kanta a wannan akwati? A ƙananan kwamfutoci da wayoyi, akan ba cibiya wani fayil da ke lissafa sassan da ke jikin na'urar da yadda aka jona su. Direba yakan duba shi. Linux tana da ayyukan nema na musamman domin abin da ba dole ba, waɗanda in ba su sami abin ba sukan dawo da "babu" ba tare da sun ɗauke shi kuskure ba.

Har ila yau akwai bambanci tsakanin "babu" da "bai iso ba tukuna". Yana yiwuwa sashen yana nan, amma direbansa modul ne da ba a riga an jona ba. Tun 2012, ta hanyar aikin Grant Likely, direba yana iya ce wa cibiya, "A sake kirana an jima," ita kuma ta sa shi a layin jira. Wanda ya ɗauki "bai iso ba" a matsayin "babu" zai sake haifar da irin shirun da ya cuce mu a Yammedi.

A nan ma halitta ta riga mu. A 1961 François Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur da ke Faris suka bayyana yadda bakteriyar hanji, E. coli, ke ɗauke da bayanan gadon narkar da sukarin madara a kowane lokaci, amma ba ta sa su aiki sosai sai sukarin ya samu. Mallakar kayan aiki mataki ne, duba ko akwai abin yi mataki ne na daban. Wannan bincike ya kai su ga lambar Nobel a 1965 tare da André Lwoff.

Ina Ruwanmu?

Wayoyin Tecno da Infinix da Samsung masu Android da ke cike da kasuwar waya ta Fam Santa a Kano, duka cibiyar Linux ce a cikinsu. A da, kowane kamfani yakan gyara cibiya yadda ya ga dama, abin da ya sa sabunta tsofaffin wayoyi ke da wuya. Daga Android 12 na shekarar 2021, kamfanin Google ya wajabta wa sababbin wayoyi masu cibiya ta 5.10 zuwa sama su yi amfani da jikin cibiya na bai ɗaya, kamfanoni kuma su kawo direbobinsu a matsayin modul. Wato an ja layi tsakanin y da m a cikin wayar da ke aljihun mai karatu, kuma duk direban da ke son ƙetare layin tilas ya bi ƙa'idar da muka lissafa a sama.

Aikin Aji

Malami ba ya bukatar kwamfuta ko lantarki domin wannan aiki. A yanka kwali shida, a rubuta 0, 1, 2 sau biyu. Ɗalibi ɗaya ya zama AWO, ɗaya ya zama FITILA, kowa ya ɗaga kwali guda, aji su faɗi ko gini zai wuce. Sa'an nan a amsa waɗannan:

1. Zana jadawalin haɗuwa tara, ka nuna wadda ke karya gini, ka faɗi dalili.

2. Idan FITILA 1 ce, BATIR kuma 2, nawa ne FITILA && BATIR? Nawa ne FITILA || !BATIR?

3. Tambayoyi 5 masu amsa uku-uku haɗuwa nawa suke bayarwa?

4. Tuge wake ko gyaɗa, ka tsaga ƙululun saiwa da reza. Wanda ke aiki cikinsa ja-ja ne. Ƙirga masu aiki, ka kwatanta gonar da aka zuba wa takin zamani da yawa da wadda ba a zuba wa ba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata mun ga cewa kafin a ce wani abu na zaɓi ne, sai an amsa tambaya uku: me zai faru in yana nan, me zai faru in ba ya nan, me kuma zai faru in yana nan amma ba a kai gare shi. Mutum-mutumi yana amsa ta biyu. Layin "abu ko kishiyarsa" yana hana ta uku aukuwa tun a teburin gini. Tambayar da ke zubar da layuka a asirce kuwa tana kawar da ƙorafi ta bar ciwon.

Da damina ta zagayo, ɗalibina ya cire gajeriyar hanyarsa, ya sa wannan layi guda a takardar zaɓe. Nan take Kconfig ya ƙi yarda direban ya zama y matuƙar fitila m ce, sai ya mai da su duka y. Muka mai da akwati gonar Yammedi, muka tsaya tare da dattijo har fitila ta ƙifta a gaban idonsa, sa'an nan muka kama hanyar Kano. A fitowa ta gaba za mu duba abin da awon wannan damina ya nuna game da danshin ƙasa da fitowar ƙuduji.